Kugen Inna a Gidanmu na Karakkai

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau ina sabon aure, muna zaune a Karakkai ni da matata da mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna. Mahaifina ya rasu ya bar mana rumbuna, da garken awaki, da jaki mai taurin kai. Kura ta matsa mana a lokacin. Takan fasa danga ta ɗauke akuya ba wanda ya ji, sai da safe mu tarar da sawunta.

Wata rana na kai gyaɗa Gusau, na tsaya kallon ma'aikata suna kafa dogayen sanduna suna miƙa waya a kansu. Na tambayi wani dattijo a cikinsu amfaninta. Ya ce in mutum ya taɓa bakin wayar a wani gari, ƙararrawa za ta yi ƙara a nan. Ban gane abin da ke tafiya cikin wayar ba, amma duk hanyar komawa gida ina bin jaki ina tunanin cewa igiya ma ai za ta iya kai saƙo daga garke zuwa kunnena.

Na fara da igiyar rama. Na ɗaura ta a ƙyauren garke, na bi da ita kan gwafanni har bakin ɗakina, na rataya mata gora mai tsakuwa a ciki. Da aka taɓa ƙyauren sai gorar ta yi caka-caka. Daɗi ya kama ni, na ƙara wata igiyar daga rumbu, wata daga ƙofar baya. Nan na ga matsala: duk ƙarar iri ɗaya ce, in ta tashi ban san inda zan nufa ba. Matata ce ta ce in ba kowace ƙofa muryarta, kamar yadda take gane awakinmu da kukansu.

Haka aka yi. Garke ya riƙe gorarsa. Rumbu na sa masa gwangwanin kananzir da na samo a Gusau, na zuba masa guntayen ƙarfe. Ƙofar baya kuwa ƙaramar ƙararrawar tagulla ta samu, irin ta wuyan doki, wadda na yi musaya da zakara a kasuwar Bungudu. Na sami faffaɗan katako na huda shi, na kafa a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, kowace igiya ta shigo ta hudarta, abin ƙararta na rataye a ƙasa. Mutanen gida suka sa masa suna allo.

Duk waɗannan na cikin gida ne, ba sa wuce danga. Ina son wani babba da zai tashi maƙwabta. Aka ce mini akwai maƙeri a Tsafe da ke ƙera kuge, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ake kaɗawa a yi shela. Na je na kwana biyu a wurinsa. Da na bayyana masa abin da nake so, ya yi ta dariya, amma ya ƙera mini ƙato, ya sa masa harshe a ciki don ya kaɗa kansa in an ja. Na rataye shi a kan zaure, na kawo igiyarsa tsakiyar allo. Ita ba a haɗe take da wata ƙofa ba, da hannu ake janta.

Inna ba ta taɓa yarda da aikin ba. Takan ce ta haifi ɗa ya mai da mata gida saƙar gizo-gizo. Tana da gaskiyarta. Kaji suka mai da igiyoyin wurin hutawa, zakara na sauka gwangwani ya ɗauki ƙara, in fito da sanda in tarar da shi yana kallona. Damina ta zo, igiyar rama ta sha ruwa ta ɗaure, ƙararrawa ta riƙa kaɗa kanta. Gara kuma ta cinye gindin gwafanni. Sai da na sake igiyoyin da na fata, na ƙona gindin sanduna kafin in kafa, na zura igiyar cikin guntayen ƙahon shanu don ta riƙa zamewa. Kura dai ta zo sau ɗaya, gora ta yi ƙara, muka kore ta da ihu da bakin wuta. Inna ta ce warin jaki ne ya kore ta.

Da kaka, wata rana da hantsi, duk mun tafi masussuka a bayan gari, har da matata da matan maƙwabta. Inna kaɗai ta rage a gida, don gwiwoyinta sun daɗe ba sa kai ta nesa. Muna cikin aiki sai muka ji kuge. Na ɗauka iska ce ko yara, amma ƙarar ba ta tsaya ba, sai ƙaruwa take. Muka watsar da sanduna muka ruga.

Wuta ce ta tashi daga murhun maƙwabcinmu, ta kama danga, tana cin hanya zuwa rumbunanmu da nasa. Inna ta ga hayaƙi, ta yi kira muryarta ba ta fita ba, sai ta ja jiki har gindin allo. Mun same ta zaune a ƙasa, ta naɗe igiyar a hannu biyu tana ja da dukan ƙarfinta. Maza suka yanke dangar suka kwantar, mata suka yi ta kawo ruwa a tuluna. Ɗakin girkin maƙwabcin ya ƙone, amma ko zangarniya ɗaya ba mu rasa ba.

Da komai ya lafa na durƙusa gabanta ina yi mata sannu. Ta buɗe tafin hannunta, igiya ta ɗaye mata fata. Ta ce, "Kai, wannan igiyar taka ta cika kaushi. Ka naɗa mata tsumma. Kuma ka sauko da ita ƙasa, ba kowa ke da tsawonka ba."

Kafin mako ya zagayo ta sa na cire allon na kafa a bakin ɗakinta. Ta ƙirƙiro nata tsarin: in ta girgiza gwangwani ni take nema, in ƙararrawa ce matata. Maƙwabcin namu ya kawo mata ƙwaryar goro ta godiya, ya kuma roƙe ni in miƙa igiya daga gidansa zuwa kugenmu. Na miƙa. Daga baya gidaje da dama suka shigo, har igiyoyi suka yi wa allon yawa na sake wani mai faɗi.

Ranar da matata ta fara naƙudar ɗanmu na fari ina gona mai nisa. Inna ta ja kuge don a kira ungozoma. Rabin unguwa suka taho da tuluna cike da ruwa suna tambayar ina wutar. Ta dube su daga bakin ɗakinta ta ce tunda sun kawo, su juye a randa, za a buƙaci ruwan wanka.