Baba Ribas a Kan Sikeli

Duk wanda ya zauna a layin nan ya san Baba Ribas, in ma bai san shi ba to ya san labarinsa, don shi da bakinsa yake bayarwa ko ba a tambaya ba. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana jan tirela, kuma sunan nan ba a banza ya same shi ba. Yakan cusa doguwar mota da baya cikin lungun da mai baro ma sai ya tsaya ya yi shawara, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da kofin shayi. Tun ana kiransa Ribas a tasha har sunan ya biyo shi gida ya zauna. Jikokinsa ba su san yana da wani suna ba.

A wurinsa tuƙi da kunne ake yi. Inji ya yi tari, ya san abin da ya shaƙe shi; ya yi gurnani a kan tudu, ya san giyar da yake roƙo. Ranar da bayansa ya ce ya gaji, kamfani kuma ya ce to a huta haka, abu ɗaya ya dawo da shi gida: akwatin ƙarfe cike da jak na ɗaga mota da sarƙoƙi da sifanu masu tsawon hannun mutum. Aka girke shi a hanyar shiga falo. Babu ɗan yatsan ƙafa a gidan da bai gaisa da akwatin nan ba, amma wa ya isa ya ce a matsar?

Akwai kuma alkawari. Tun Uwargida tana amarya, duk ranar tafiya takan rako shi bakin ƙofa da kular abinci, shi kuma ya karɓa ya ce wata rana da ita za a tafi, ta zauna a gaba ta ga duniya. In ya dawo ya cika mata kunne da labarin gadoji da tsaunuka, da wani tafki da yakan yada zango a bakinsa. Aka haifi 'ya'ya, aka yaye, aka aurar, wata ranar nan ba ta zo ba. Shi kansa ya daina jin nauyin maganar, ta zame masa kamar faɗin sai na dawo.

Auta ce ta jawo komai. Ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aikin jinya. Ta gaji da ganin tsoho yana tsayuwar jiran motar haya, sai ta saya masa irin motocin nan masu rabin fetur rabin batir, waɗanda ake ce wa haibirid. Ya shiga ya nemi inda ake murɗa makulli, babu. Ta nuna masa madanni. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce a mayar wa masu ita, gawa suka sayar mata. Auta ta ce ai dannawar farko motar ta tashi, ta biyun kuma shi ne ya kashe ta da hannunsa.

Daga ranar ya sa mata suna Munafuka. Ya ce motar kirki takan yi gyaran murya kafin ta shigo gidan mutane, wannan kuwa silalowa take kamar mai neman abin faɗa. Magen da ke barci a ƙarƙashinta ma sai an sa tsintsiya take sanin za a fita.

To ashe sunan zai bi ta. Wata la'asar ya dawo daga gidan mai, ƙofa a buɗe, Munafuka ta silalo cikin gida a kan batir, ko kaza ba ta ɗaga kai ba. Uwargida na kwashe shanya a bayan ɗaki tana hira da maƙwabciya ta saman katanga. Ya ji maƙwabciyar na tsokanarta, wai yanzu da mota ta samu sai tafiya ganin tafki. Uwargida ta yi dariya ta ce ai alkawarin direba hayaƙin salansa ne, kafin ya kai kwanar layi ya baje. Ta ce tun kafin a haifi babbansu ta ɗinka ɗan matashi don kujerar gaba, yana nan a ƙasan akwatinta, ta sauya masa riga har ta gaji. Ba da fushi ta faɗa ba, kuma rashin fushin ne ya soke shi. Ya daɗe a zaune, hannunsa a sitiyari. Da tirelarsa ce, tun daga bakin titi za a ji shi a yi shiru, ya mutu bai ji wannan magana ba.

Ba a yi sati biyu ba sai ga shi ya jawo wani abu a bayan mota: ɗan ɗaki mai taya biyu, da gado da taga da ɗan murhu, ya saya a hannun wani tsohon mai awon filaye. Bakanike ya sa wa Munafuka ƙugiya a baya aka maƙala. Mai askin layin, wanda ba a yin abu ya wuce bai sa masa suna ba, ya leƙo da almakashi a hannu ya ce Baba ya sayo akurki. Shi ke nan, Akurki ya bi shi.

Duk masu zaman bencin aski suka taso, har da wanda aka aske wa rabin kai, don yau za su ga ribas ɗin da suka sha labari. Baba ya gyara hula, ya dubi madubi, ya karya sitiyari yadda ya saba. Abin da bai sani ba, doguwar tirela tana da haƙuri, ka murɗa sai ta yi tunani kafin ta juya. Gajeren abu kuwa ba ya jira. Kafin ya ƙifta ido Akurki ya naɗo ya leƙo shi ta tagar direba. Ya yi gaba ya sake, ya naɗo ta ɗaya gefen. Ga shi babu ƙarar inji da za ta rufe masa asiri, duk dariyar da aka danne a benci sai da ya ji ta. A ƙarshe ya ce ƙofar gidan ce magini ya karkace, ya ajiye Akurki a waje.

Auta ta zo da littafin motar. Ta ce wannan ba tirela ba ce, akwai iyakar nauyin da za ta iya, ita da abin da take ja da mutanen ciki gaba ɗaya. In aka wuce, za ta yi zafi a hawan tudu, birki kuma ya ƙi jin magana a gangara. Ta faɗa masa lambar, ta ce ranar tafiya su biya ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe su hau babban sikelinsu. Baba ya ce yau ga 'yar da ya goya za ta koya masa lodi. Ta ce ba don ita ba, don wadda za ta zauna a gaba. Ya karɓi littafin.

Uwargida kuwa da ta ga da gaske ne, sai ta shiga haɗa kaya kamar mai ƙaura. Tukwane, barguna, jarkokin ruwa, katifa ta biyu ko za a yi baƙo a hanya, har da keken ɗinkinta wai ko wani abu zai yage. Baba na tsaye yana tsaki, yana cewa mata ba su san hanya ba. Amma ranar da ta tafi kasuwa, shi ma ya yi nasa. Ya kwashe kayan akwatin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ya ja akwatin yana nishi, ya cusa ƙarƙashin gadon Akurki, ya mayar da komai ya saki zanen gado. Ya san babu sifana ɗaya a ciki da ta dace da noti ɗaya a jikin Munafuka, don ya gwada. Sai dai direban da ya fita ba kayan aiki, a ganinsa, fasinja ne kawai.

Da hantsin ranar tafiya suka shiga filin masu tsohon ƙarfe, Uwargida a gaba, ta jingina da ɗan matashinta mai sabuwar riga. Suka hau sikeli, mota da Akurki da su duka. Mai sikeli ya dubi allonsa, ya dubi lambar da Baba ya faɗa masa, ya ce an wuce, ba kaɗan ba.

Baba ya ce dama ya faɗa. Ya buɗe Akurki ya sauke katifar baƙo. An wuce. Ya sauke keken ɗinki, ya ce Auta ta zo ta ɗauka. Uwargida ta ce to. Ya sauke jarkoki, ya ce ruwa ai ko'ina akwai. Ta ce to. Tukwane suka bi, barguna suka bi, duk abin da ya ɗaga sai ta ce to, tana kallon gaba. Ma'aikatan filin suka bar yankan ƙarfe suka kewaye su. Duk ɗaukar da zai yi sai gwiwarsa ta gogi zanen gadon nan, shi kuma ya kau da kai kamar bai san wurin ba. Ya koma ya zauna aka sake dubawa.

Mai sikeli ya sosa ƙeya. Ya ce abin da mamaki, ɗakin ya zama wayam amma har yanzu da saura, kamar nauyin mutum ɗaya.

Uwargida ta buɗe ƙofa a hankali. Ta ɗauki jakarta, ta ɗauki matashin, ta taka ta sauka daga kan sikeli ta tsaya kusa da tulin kayanta. Mai sikeli, bawan Allah da bai san dawan garin ba, ya ɗaga babban yatsa da murna ya ce yauwa, yanzu ya yi daidai cif.

"Ka je ka gano mana tafkin, Baban Auta," in ji ta. "Ni dama na saba rakiya."

Wani daga cikin ma'aikatan ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Baba ya dube ta ta madubin gefe. Haka yake ganinta shekara da shekaru, tsaye a madubi tana ƙanƙancewa har ya sha kwana. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ko ranar da Akurki ya naɗe a gaban masu aski.

Ya fito, ya shiga Akurki, ya durƙusa da ciwon bayansa ya ɗage zanen gado. Sai da mutum biyu suka kama masa kafin akwatin ya fito, yana kururuwa a kan dabe. Aka buɗe. Mai sikeli ya ɗaga jak ɗin da ƙyar ya ce wannan ai sai ya ɗaga motar da ɗakin da masu ita. Ya tambaya ko na sayarwa ne, nan ne gidansa. Baba ya shafa murfin, inda fenti ya goge saboda zama, ya ce su riƙe, ba ya son a auna masa shi. Uwargida ta dubi akwatin, ta dubi mijinta, ta ce ita dama tun shekaranjiya take mamakin yadda ta wuce falo ba ta yi tuntuɓe ba.

Ta koma ta zauna. Aka duba allo, sai ga wuri ya ragu har an mayar da tukwane biyu da bargo. Keken ɗinki dai ya jira Auta.

Saura fita. Filin ƙofa ɗaya gare shi, gaban sikeli kuma tsaunin tsofaffin firji ne, ba hanya sai da baya. Baba ya gwada, Akurki ya naɗo. Ya sake, ya naɗo. Ya share gumi, ya sassauta murya ya ce ko za ta ɗan sauka ta duba masa baya, in ya karkace ta buga masa jikin ɗakin.

Uwargida ta gyara matashinta, ta jawo bel ta ɗaura.

"Na yi saukata ta ƙarshe ɗazu."

Haka Baba Ribas, wanda ya shigar da tirela inda baro ke shawara, ya fito ya cire Akurki daga ƙugiya, shi da ma'aikata suka tura shi da hannu har bakin titi, mai sikeli na gaba yana ba su hannu. Ya dawo ya fito da Munafuka ita kaɗai, aka sake maƙalawa. Ya danna madanni sau ɗaya, ya kasa kunne don sabo, bai ji komai ba sai Uwargida tana tambaya ta wace hanya ake bi.