Lallen Ƙafar Kili

Juma'a: Birnin Kebbi zuwa Sakkwato

Ƙarfe shida saura kwata, ina idar da sallar asuba, na nufi tasha da jaka biyu. Ɗaya ta kayan duba dabbobi ce, ɗayar kuma samfurin jakunkunan fata ne guda uku. Sana'ata biyu: ina da shagon ɗinkin jakar fata inda mata uku ke yi mini aiki, ranar da ake sukuwa kuma a kira ni in duba dawaki kafin su shiga tsere. Wannan karon duka biyun suka haɗu a kan mutum ɗaya, Alhaji Sambo. Shi ke son jaka sittin na rabon bikin 'yarsa, aikin da zai riƙe shagona wata biyu, kuma shi ke da Kili, farin dokin da kowa ke jiran gani ranar Asabar.

Direba ya dubi kayana ya ce, "Hajiya, jikka biyu kuɗɗin mutum biyu na."

Na ce, "To ka ba su kujera su zauna." Ya yi dariya, muka tashi shida da rabi.

Mun tsaya Argungu na sayi masa ta ɗari biyar. Shinge huɗu muka wuce. A na Bodinga wani jami'i ya buɗe jakata, ya ga allurai, ya ce na mutane ne? Na ce na doki ne, amma in yana so bismillah. Ya rufe da sauri. Tara da kwata muka shiga Sakkwato.

Ƙofar Taramniya

Gidan gwaggona na sauka. Kafin in aje mayafi ta dire mini kwanon fura, tana faɗan wai na rame. Bayan an sauko Juma'a na hau keke napep zuwa wajen majema, na zaɓi jar fata ashirin. Shekara tara ina wannan zaɓe, har idona ya saba: ina ganin launi na san na jiya ne ko na makon jiya.

Da la'asar na kai wa Alhaji samfuri. Ya juya su, ya shinshina, ya ce, "Likita, wagga ta tsakiya nika so. Gobe in Kili ya ci sai mu ƙare magana."

Asabar: filin sukuwa

Ƙarfe biyu na fara duba dawaki. Goma sha ɗaya na wuce ba wata matsala. Na sha biyu shi ne Kili, wani dattijo mai suna Malam Buba, mai kula da shi, yana riƙe da linzami. Doki dai tubarkalla, an sa masa lalle ƙafa huɗu kamar yadda aka saba yi wa fararen dawaki. Sai dai lallen uku ya yi duhu ya fara kwantawa, na ƙafar gaba ta dama kuwa ja zur yake, ɗanye, kuma ya haura kusan gwiwa.

Na ce, "Baba, yaushe aka sa wannan?"

Ya ce, "Duk rana ɗaya munka sa."

Na ce, "Haba Baba. Da launi nake cin abinci."

Ya sunkuyar da kai. Na shafa jijiyar bayan ƙafar, zafi rau, ga kumburi kamar an tura ɗan yatsa a ƙarƙashin fata. Na sa aka yi sassarfa da shi a kan tsandauri, duk taku sai ya ɗaga kai. Sannan Malam Buba ya faɗa mini a hankali: shekaranjiya ya ji zafin, ya ƙara lalle don ya sanyaya, ya kasa gaya wa maigida. Wallahi na san abin da zan rasa. Amma na taɓa ganin jijiya ta tsinke ana tsakar gudu, doki ya kife da mahayinsa, bai kuma sake tashi ba.

Alhaji ya iso da jama'arsa. Na ce masa ba zan sa hannu ba.

"Likita, zagaye biyu na kawai. Ki yi mishi allura."

"Alhaji, allura zafin za ta ɓoye, ba za ta ɗinke jijiya ba. Ya huta wata huɗu, ka sami dokinka. Ya yi gudu yau, ƙila a nan za a bar shi."

Ya dube ni. Ya ce, "Mun ji. Zancen jikkuna kuma a bar shi."

Na ce to. Na rubuta cewa Kili ba zai shiga tsere ba, na miƙa wa alƙalan tsere.

Lahadi: komawa

Ƙarfe bakwai ina tasha da fata ashirin da ban san inda zan kai su ba, raina a ɓace. Mota na jiran mutum ɗaya sai ga Malam Buba a kan kabu-kabu, ya kawo mini samfurina a leda, Alhaji ya ce a mayar. Ya tsaya yana murza hula.

"Likita, mi za ni yi mishi?"

Na ce ruwan sanyi safe da yamma, ɗauri, kada kowa ya hau shi, lalas kuma, wato ƙona wurin da ƙarfe mai zafi, kada ya bari a yi masa. Ya maimaita sau biyu. Ya ce, "Shekara shidda nika wanke dokin ga. Kwana biyu ban ci abinci ba, sai jiya."

Sha ɗaya saura na isa gida. Na wuce shago na gaya wa mata babu aikin biki. Na faɗa musu dalili. Sai Asabe, babbarsu, ta ce, "Dokin fa?"

Na ce, "Yana tsaye da ƙafarsa huɗu."

Ta jawo fata ɗaya ta shimfiɗa a tebur, ta ce a miƙo mata almakashi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Gwaggo da furarta, na kuma gode wa waɗannan mata uku.