Cutar Turawa a Cikin Malamin Gona

Shekarar da aka tura ni aikin malamin gona a Kucheri, cikin ƙasar Tsafe, cikina ya juya mini baya. A Gusau nake zaune da iyalina, kullum da safe in shiga motar haya zuwa Tsafe. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, sai dai ga wanda cikinsa ke murɗawa kamar ana matse wanki. Gudawa ce da jini da majina, sau shida ko bakwai a yini, kuma ba ta sallama kafin ta zo.

Direbobin tasha duk suka gane ni. Akwai wani dattijo mai jar hula, da ya hango ni sai ya ce, "Malam, ka gama da gida, ko sai mun tsaya?" Wata rana na roƙe shi ya tsaya a tsakiyar daji, a lokacin da babu mai son tsayawa a hanyar nan. Fasinjoji suka ɗauki salati. Wata Hajiya ta ce, "Wallahi in mutanen daji sunka fito, kai za mu nuna musu." Na ce na yarda, na dira da butata.

Kowa ya zama likitana. Mai kyamis ya ce atuni ne. Abokin aikina ya rantse basir ne. Manoman da na je koya wa zuba taki suka zaunar da ni, su suna koya mini jiƙe-jiƙe. Inna, mahaifiyata, ta aiko daga Nahuce da galan guda na jiƙon wata saiwa mai ɗaci. Na sha har harshena ya daina gane gishiri, ga shi na rame, tazugen wandona ya kusa zagaye ni sau biyu.

Matata ce ta tasa ni gaba zuwa asibiti a Gusau. Likitan ya saurare ni, ya sa aka auna jini da bayan gida, sannan ya ce sai an zura wata 'yar kyamara a duba hanjina.

Na ce, "Ta ina?"

Ya gyara tabarau. "Malam, ba ta baki ba."

Kafin ranar kuma aka ba ni wani ruwa in sha don wanke ciki. Ni da gudawa ta kawo, aka sallame ni da abin sa gudawa. Na tambayi ma'aikaciyar da ta ba ni sau biyu ko ta yi kuskuren takarda.

Da aka duba, sai ga babban hanjina ya kumbura, duk gyambo. Likitan ya ce ba tsutsa ba ce, ba kuma ɗauka ake yi ba. Garkuwar jikina ce, wadda aka halitta don yaƙar cuta, ta rikice ta koma kan hanjin. Ya ce ba a gama sanin dalili ba. Da can a ƙasashen Turawa aka fi saninta, yanzu ana ƙara ganinta a wurinmu, musamman a birane, kuma da yawa ana ta yi musu maganin atuni ba a gane ba. Tana kwanciya, tana tashi, magani ne ke riƙe ta.

Inna ta taso daga Nahuce ta zo dubiya. "Mi likita ya ce?"

"Ya ce cutar an fi saninta a ƙasar Turawa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da ko Abuja ba ka taɓa zuwa ba? Ina ka gamu da wagga cuta?" Ta ɗora laifin kan burodi da taliyar leda. Amma daga baya na ji duk wanda ya je gaishe ta sai ta faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa, da ɗan alfahari, cewa ciwon ɗanta ba irin na nan ba ne.

Ƙwayoyi iri biyu aka ba ni: ɗaya ta 'yan makonni don kashe wutar ciwon, ɗaya ta kullum. Ta farkon ta buɗe mini ci, ta cika mini kumatu, har a ofis aka fara raɗe-raɗin na samu wata hanya. Jini ya tsaya. Bayan wata huɗu na ga na warke sarai, na ajiye ta kullum ɗin ban gaya wa kowa ba.

Ciwon ya dawo ranar ɗaurin auren ƙanena, ni ne wakilin ango. Liman na cewa a karɓi aure, ni ina neman hanyar fita daga sahu. Na karɓa a tsaye, da sauri, har dangin amarya suka yi zaton fushi nake.

Da muka koma asibiti, likitan bai yi faɗa ba, ya dai juya ya kalli matata. Tun daga ranar ta karɓe kwalbar maganin. Ita ke ba ni da hannunta bayan karin kumallo, ta tsaya a kaina har in buɗe baki ta ga na haɗiye.