Tsargiyar da Muka Yi wa Tafi

A bazarar shekarar da nake aji huɗu na firamare, ranar Juma'ar da aka ba mu hutu, Yaya Habu ya kama hannuna ya ja ni bayan wata giginya a bakin kogin Haɗeja, ya ce, "Zo ka ga abin da ba ka kai ba." Ya tsuguna ya yi fitsari a kan farin yashi. Da farko kamar na kowa, sai a ƙarshe wani ɗigo ya biyo baya, jawur kamar zoɓo. Ya miƙe yana ɗaure tazuge, bakinsa har kunne. Kafin ka ce me, abokansa sun fito daga ruwa sun kewaye wurin, ana ihu ana dukan kafaɗarsa. Ni kuwa ina tsaye hassada ta cika mini ciki, don shekara biyu kawai ya ba ni. Ciwon da ya kashe yayana ke nan, kuma ranar da ya fara nuna kansa tafi muka yi masa.

Tsargiya muke kiranta, kuma a unguwarmu ba a sa ta a layin cututtuka. Mu yara mun riƙe cewa kamar yadda mata suke da nasu jinin idan sun girma, haka maza ma suke da nasu. Yaron da fitsarinsa yake fari tas, ko ya kai tsawon ƙofar zaure, yaro ne, ba ya sa baki idan ana hirar manya a gaɓar kogi. Manyan ma ba su ɗauke ta da zafi ba. Da labari ya kai kunnen Baba, ko hannu bai cire daga kwanon tuwo ba ya ce, "Zafin rana ne da yawan barkono. Duk mun yi, za ta bari da kanta." Ba ƙarya ya yi ba, kusan duk namijin da ya tashi a fadamar nan ya yi.

Kada wani ya ɗauka sakaci ne ya yi yawa a gidanmu. Ban taɓa ganin uwa mai tsoron bazara kamar Inna ba. Sanƙarau ya taɓa ɗauke mata ƙani, don haka da zarar zafi ya kankama sai gidan ya koma kamar barikin soja. Ta sa a kwashe mana gashi ƙwal. Ta binne gindin randa a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin darbejiya, ta hana kowa tsoma hannu sai da moɗa. Kullum akwai jiƙon tsamiya, ko kana so ko ba ka so. Ba a cunkusuwa a ɗaki, tabarmi ne a tsakar gida. Kowace safiya sai ta jera mu ta ce, "Kowa ya sunkuyar da kai in gani," tana taɓa wuyanmu ko ya sandare. Babbar dokarta kuwa bayan azahar take zuwa, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Sai ta ce, "Maza ku tafi kogi ku huce, kada zafi ya dafa muku ƙwaƙwalwa." Don lafiyarmu take tura mu, kuma wannan ne yake ƙona mini rai har yau.

Mu kuwa ba ma jiran ta maimaita. Mu kora tumaki mu wanke su, mu dirje kayan makaranta mu shanya a kan ciyawa, sannan mu faɗa ruwa. Ana gasar nutso, ana alkafura daga kan kwale-kwalen masunta har sai mai shi ya biyo mu da sanda. Yaya Habu yana da wata tsohuwar gorar su da yake kifa ciki a kai ya tsallaka kogin, mu ƙanana muna kallonsa kamar wani sarki. Inda muka fi so shi ne wani lungu da doguwar ciyawar kachala ta rufe, ruwan a kwance, da ɗan ɗumi, ga 'yan ƙananan dodon koɗi manne a jikin ciyawa, muna tsintarsu muna jifan juna. Idan mun fito jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, sai mu goga yashi mu ci gaba da langa. Bazara ta zagayo, nawa jinin ya zo. Da gudu na je na nuna masa, shi kuma ya ba ni gorar nan kyauta. Ban tuna wata kyauta da ta taɓa faranta mini rai kamar wannan ba.

Daga firamare hanya ta rabu. Ni na wuce makarantar kwana, shi ya bi Baba gonar shinkafa. Wata rana wata ma'aikaciyar lafiya ta shigo ajinmu ta tambayi wanda yake ganin jini a fitsari. Mu 'yan fadama muka ɗaga hannu muna dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce tsutsa ce take fitowa daga jikin dodon koɗin nan, ta huda fata ta shiga jini, ta yi ta zuba ƙwai a mafitsara shekara da shekaru. Aka ba mu wasu ƙwayoyi masu ɗan karen ɗaci, muka wuni da jiri, shi ke nan nawa ya ƙare. Da na zo hutu na same shi a gona, ruwa har gwiwa, na kwashe duka na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Kai ƙanena, boko ne yake tsorata ku. Ni tawa ta daɗe da tsayawa." Jinin ne ya ɓuya, tsutsar tana nan.

Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya sayi injin ban-ruwa, ya zama manomin da ake kwatance da shi. Yana tsakiyar ƙarfinsa jinin ya dawo, wannan karon guda-guda. Ya fara daɗewa a bayan gida, ya fito gumi sharkaf yana dafa bango. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce jifa, ya sha saiwoyi har ya gaji. Da muka kai shi wani babban asibiti a Kano, likita ya duba hoton, ya ce, "A bakin kogi ya tashi, ko?" Ciwon daji ya riga ya cinye mafitsarar. Muka dawo da shi gida a wata bazarar, Inna ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa tana yi masa fifita. Mutumin da yake ɗaukar buhun shinkafa shi kaɗai ya koma ni nake ɗaga shi da hannu biyu. Bayan an kai shi makwancinsa, Inna ta kira ni gefe ta ce, "Auwalu, wai da gaske ruwan ne?" Sai ta ƙara da cewa, "Ni fa nake tura ku."

Yanzu akwai famfon burtsatse a bakin unguwarmu, kuma akan zo makarantar su Sadiku, ɗan Yaya Habu, a auna tsawon yara a jikin sanda a ba su ƙwayoyin nan kyauta. Ranar da za a ba su ina zuwa da kaina, in tsaya a kansa har ya haɗiye, yana yamutsa fuska yana cewa na cika takura. Amma bazara tana nan yadda take, wuta ba ta zama, kuma da azahar kogin cike yake da yara. Inna ta tsufa, ba ta tura kowa ko'ina. Da kanta take jawo bokiti, ta zuba wa jikokinta ruwan famfo a tsakar gida. Ni ban iya ganin laifin yaran da suke sulalewa su tafi, don duk inda na je a duniya ban sake jin daɗin da ya kai na lungun nan ba, lokacin da yayana yake gabana yana kirana in biyo shi. Ina kewar ruwan nan, kuma ban yafe wa ruwan ba.