Kwancin Agwagwa Kasuwa Biyar Ne

Har na kai shekara goma sha huɗu, na yi imani cewa abin da aka buga a takarda ya fi abin da tsohuwa ta riƙe a ka zama gaskiya. Ba wanda ya koya mini haka da baki. Ni ne dai na farko a gidanmu da ya shiga kwaleji, kuma duk takardar da ta shigo ni ake miƙa wa. Har yau, idan na ji warin kananzir a jikin katako mai ɗumi, sai daminar da na gwada wannan imani a kan dukiyar wani ta dawo mini.

Kakata, mahaifiyar babana, tana da agwagi irin masu jan fuskar nan da ba su da murya sai huci. Daga Gabi ta zo da asalinsu lokacin da aka kawo ta Madarunfa, kuma ba ta taɓa barin irin ya yanke ba. A bazarar wannan shekara cuta ta share su, saura guda. Da ruwa ya sauka, wadda ta rage ta saka ƙwai goma sha ɗaya a ƙarƙashin rumbu, ta kwanta a kansu ranar kasuwa. Washegari ta tafi wanka bakin tafki, karnuka suka kama ta.

Ƙanen babana, wanda ke aikin gona na gwamnati a Maraɗi, yana gida a lokacin. Kafin la'asar ya haɗa akwatin katako, ya shimfiɗa ƙaiƙayi a ciki, ya jera ƙwan a kai, ya kafa fitila a gefe da bututun gwangwani mai kai zafi, ya rataya ma'aunin zafi a murfin. Da zai koma, ya miƙa mini ɗan littafi na Faransanci kan ƙyanƙyasar ƙwai, ya ce tunda ana hutun makaranta, ni zan kula da wutar.

Kakata ta dubi littafin, ta dube ni. Kamar yadda kakanni ke yi da jikoki, maigida take kirana.

"Maigidana, mi takardar taka ta ce?"

"Kwana ashirin da takwas, Kaka."

"To. Ita mai ƙwan kasuwa biyar take yi. Ko don ba ta shiga lakwal ta yi boko ba shi ya sa take daɗewa."

Matan gida suka yi dariya. Ni ban yi ba. Kasuwar garinmu mako-mako take ci, kasuwa biyar kuwa kwana talatin da biyar ke nan, sai na ɗauka lissafin tsufa ne.

Haka muka zauna da akwatin a ɗakinta. Ina rage lagwani idan rana ta ɗaga, ina ƙarawa idan hadari ya kawo sanyi. Ita kuma ta sa wa kowane ƙwai alamar gawayi a gefe ɗaya, tana juya su safe da yamma. Takan tsoma yatsu a ruwan ɗumi ta yarfa musu, wai uwar da jiƙaƙƙen ƙirji take dawowa daga tafki. Gero ya kai gwiwa a gonaki, ya kai ƙugu. Ɗakin ya cika da warin kananzir da na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Kwana ashirin da takwas ya zo, shiru. Na kara kunne a murfin har sau uku a yini. Ashirin da tara, talatin. Na gaya mata sun zama baragurbi, a zubar kafin su fashe su cika ɗakin da ɗoyi. Ta ce kasuwa huɗu aka ci.

Rana ta talatin da ɗaya ta tafi barkar haihuwa a unguwa. Na ɗauki ƙwai guda, na zaga bayan rumbu, na ƙwanƙwasa shi a bakin turmi. So nake in nuna mata ruɓaɓɓen ruwa idan ta dawo. Abin da ya faɗo a tafin hannuna ɗan agwagwa ne cikakke, jiƙaƙƙe, da baki da ƙafafu, da sauran gwaiduwa manne a cikinsa. Ya buɗe baki sau biyu. Na tsaya riƙe da shi har ya daina motsi.

Da ta dawo ta ɗaga murfin, leɓɓanta suna motsi tana ƙirga. Ban jira ta tambaya ba, na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba.

"Da rai ka same shi?"

"Da rai."

Ta mayar da murfin a hankali, ta ce in duba wutar, ta yi ƙasa.

Ranar kasuwa ta biyar, da hantsi, muka ji ƙwas-ƙwas a cikin akwatin. Kafin kwana biyu, takwas sun fito.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa littafin ne ya yi kuskure, an rubuta shi don agwagin Turai. Sai da na je jami'a na gane abin da ya fi haka nauyi. A ƙarƙashin layin da na karanta mata akwai wani layi, da sunan wani nau'in agwagwa da ban sani ba, da lambar talatin da biyar a gabansa. Na gan shi tun ranar farko. Na tsallake shi ne don kada in ce, a gaban matan gida, akwai kalmar da ban gane ba. Yanzu ƙanwata tana da injin ƙyanƙyasa mai aiki da hasken rana, wanda ke juya ƙwai da kansa ya ƙirga kwanaki a fuskarsa, kuma ban tabbata ko akwai wanda zai tsaya ya yi gardama da shi ba.

Kakata ta ci gaba da kirana maigida, ni kuma na ci gaba da riƙe mata takardun asibiti. Shekara shida ta ƙara a duniya. A cikinsu ba ta sake ba ni amanar wani abu mai rai ba.