Gabas da Inuwar Taɓarya

Ni malamar labarin ƙasa ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba, duk da cewa a gidanmu an daɗe ana ƙoƙarin sa ni in ji. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa a wata sakandare a Ogba, cikin Legas. Kullum da safe nakan hau motar haya ta danfo daga unguwarmu Agege da taswirar duniya a nannaɗe a hammata, kwandasta yana harararta kamar zan biya mata kuɗin kujera.

Wanda ya fi kowa tsokanata shi ne Baffa, ƙanin mahaifina. Duk ranar da aka taru a gida, sai ya gyara zama ya ce, “Malama, ina ne babban birnin ƙasar Sin?” In na faɗa, sai ya juya ga jama’a ya ce, “To madalla. A zuba a tukunya a raba wa yara.” A yi ta dariya. A wurinsa karatu iri biyu ne, wanda zai kai ka aljanna da wanda zai cika maka ciki, nawa kuwa ba ya cikin ko ɗaya.

Baba bai taɓa yi min dariya ba, amma na san ra’ayinsa bai yi nisa da na ƙaninsa ba. Falken goro ne. Ya zo Legas daga ƙasar Kano yana saurayi, kuma ya san hanyar Shagamu zuwa Kano gari bayan gari, har inda ruwan sha ya fi daɗi. Rediyo ba ta barin kunnensa, don haka babu ƙasar da bai san sunanta da na shugabanta ba. Sai dai sunaye ne kawai a jere a kansa. Duk ƙasar da farar fata ke ciki Turai ce, duk abin da ke ƙetaren kogin Kwara Kurmi ne. Ban ce mu kaɗai ke haka ba. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ta taɓa ba ni saƙo in kai wa wani a Sakkwato don ta ji zan je biki Kano, a ganinta Arewa unguwa ɗaya ce.

Duk wannan bai dame ni ba. Mutum na iya rayuwa lafiya ya mutu lafiya bai san inda Ajantina take ba. Abin da ya dame ni kalma ɗaya ce, gabas.

A bakinmu gabas aiki biyu take yi. Inda rana ke fitowa gabas ne, inda ake fuskanta a yi salla ma gabas ne. Baƙo in ya shigo gidanka ba ya cewa ina alƙibla, cewa yake ina ne gabas. Haka muka tashi muka ji, kuma ba mai tsayawa ya tambaya ko biyun wuri ɗaya suke.

Akwai ɗan masallaci a ƙofar gidanmu, wanda bai wuce sahu huɗu ba. Baba ne ya gina shi tun kafin a haife ni, shi ne kuma ke jan salla a ciki. Yana son ba da labarin yadda ya fitar da alƙiblarsa. Ya ce wata safiya ce cikin watan Disamba, ya tsaya a filin ya jira rana ta leƙo ta bayan layin dogo, ya ja layi da dunduniyarsa, aka ɗora bulo a kai. Yakan ƙare da cewa, “Ba injiniya, ba takarda.”

Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane abin da ya faru. Rana ba wuri ɗaya take fitowa ba duk shekara. A watan Disamba takan karkata can wajen kudu. Makka kuwa, daga Legas, arewa maso gabas take. Na zo hutu da kamfas mai nuna arewa a jaka, na auna a ɓoye lokacin da ba kowa, sai na ga masallacinmu ya kauce. Ba ’yar karkata ba ce. Sai mutum ya juya hagu sosai kafin ya fuskanci Ka’aba.

Na yi shiru, kuma shirun nan ya kai shekara ashirin. Na juya dardumata a ɗakina na bar maza da bangonsu. Na gaya wa kaina ladabi ne, amma tsoro ne, kuma har yau ina jin haushin kaina a kansa.

Wata shekara ruwan farkon damina ya ci gindin bangon masallacin har ya tsage. Aka yanke shawarar a rushe a sake gini. Aka kira birkila, wani dattijon Bayarabe da ya daɗe yana aiki a unguwar, ya zo ya kafa turaku ya ja igiya daidai kan tsohon layi. Na dawo daga makaranta da yamma na tarar da su a tsaye a kan filin, Baba da Baffa da dattawan layinmu kamar shida. Na san in bulo ya hau kan igiyar nan, an sake ɗaure wata shekara hamsin.

Na gaishe su, na ce, “Baba, ina da magana a kan igiyar nan.”

Baffa ya ce, “Yau kuma gini ake koyarwa a Ogba?”

Da na bi a hankali da ya fi. Amma dariyar da aka yi ta taɓa ni, kuma bakina ya riga hankalina. Na ce, “Ba Makka masallacin nan ke kallo ba. Kongo kuke kallo.”

Na ga fuskar Baba ta sauya, kamar na mare shi a gaban abokansa, kuma kusan abin da na yi ke nan. Ban yi nadamar gaskiyar ba, amma na yi nadamar yadda ta fito.

Baffa ya ce, “Ke, gabas gabas ce. Tun ba a san za a haife ki ba muke salla a nan.”

Na ce akwai waya a aljihun kowa, a duba. Ya ce wayar da ke kai masu okada cikin kwata ita ce za ta nuna masa ɗakin Allah? Na ce akwai taswira. Ya ce Bature ne ya zana. Nan fa zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, “To Baffa, rana fa? Ita ma Bature ne ya rataya ta?”

Na yi musu bayani. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka’aba, ɗaya a ƙarshen watan Mayu, kuma saura kwana tara. A nan Legas lokacin yakan faɗo da hantsi, jim kaɗan bayan ƙarfe goma. A wannan lokacin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ka’aba. Na ce da rana Baba ya auna, to da rana za mu sake aunawa, in na yi ƙarya kada a ƙara kirana malama a gidan nan.

Baba bai kalle ni ba. Ya juya ga birkila ya ce da Yarabanci a dakata da aiki kwana tara, ya shige gida.

Kwana biyu bai yi min magana ba. A na uku na kai masa abinci, ina shirin fita ya ce, “Uwata, zauna.” Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka yake kirana haka, kuma na lura tun ranar igiya bai kira ba. Na zauna. Ya daɗe yana juya carbi.

Ya ce, “In maganarki gaskiya ce, sallolina na shekara hamsin fa? Da na mutanen da suka bi ni?”

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Na ce, “Baba, ka fi ni sanin hukuncin wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure. Kai ka koya min.”

Ya ce, “Na sani. Wanda bai sani ba daban. Amma tun yaushe ke kika sani?”

Na faɗa masa. Ya kalle ni, kallon da har yau ban manta ba, ya ce, “Shekara ashirin kina kallona ina jan mutane Kongo.” Ba faɗa ya yi ba. Da faɗan ya yi da ya fi min sauƙi.

Ranar ta faɗo ranar aiki, na nemi izini a makaranta. Na tashi na tarar sama a rufe ruf da hadari, irin na Legas da kan wuni bai motsa ba. Na ɗauki taɓaryar mahaifiyata na fita. Birkila ya taya ni kafa ta a tsakiyar filin, ya saki igiyarsa mai dalma a gefenta har ya tabbatar ta miƙe. Mutane suka fara taruwa, masu shayi, masu ɗinki, har wasu ’yan dako da suka dawo daga kasuwa. Labari ya zaga cewa ’yar mai goro za ta gyara wa ubanta gabas.

Ƙarfe goma ta yi, babu rana. Baffa ya kalli sama ya ce, “Malama, ko Baturen bai biya kuɗin wuta ba ne?” Aka yi dariya, har da birkila. Ina duba agogo ina addu’a, ni da ban taɓa roƙon Allah rana a Legas ba sai ranar wanki.

Saura ’yan mintuna hadarin ya yi sirara ta gefe ɗaya. Ba rana sosai ba ce, wani haske ne fari, amma ya isa. Inuwar taɓarya ta kwanta a kan yashi, ta ratsa igiyar birkila a karkace, karkatar da ko makaho zai ji ta da ƙafa. Na durƙusa na bi ta da gawayi kafin ta ɓace.

Na ce, “Baba, zo ka tsaya a ƙarshen inuwar nan ka kalli taɓaryar.”

Ya zo ya tsaya. Ya kalli taɓarya, ya waiwaya dama ya kalli inda bangonsa yake a da. Ya daɗe a haka. Birkila ya ce a hankali da Turancin kasuwa, “Alhaji, e no be small o,” wato karkatar ba ƙarama ba ce. Baba ya juya ya koma gida.

Na ɗauka na yi nasara, ashe da saura. Da yamma dattawa suka zauna, ba a kira ni ba. Baffa ya kawo hujjar da ba ta da alaƙa da rana. Ya ce in aka juya ginin, kusurwa ɗaya za ta hau kan kwatar titi, ɗaya ta shiga bangon maƙwabci, kuma sahu huɗu zai koma biyu. Wannan gaskiya ne, filin Agege ba ya miƙewa don an roƙe shi. Ya ƙara da cewa in aka juya bango, an shaida wa duniya ke nan yayansa ya yi shekara hamsin a kan kuskure. Aka ce Baba ya bar su da shawararsu, aka tashi. Washegari bulo ya hau kan tsohuwar igiya, ruwa ya wanke gawayina.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba. Mako uku ina wucewa ta gaban ginin ba na kallonsa. A aji na ce wa ɗalibaina duk wanda ya sake tambayata amfanin sanin inda ƙasashe suke, zai zana min taswirar Afirka sau goma. Ba su san abin da ya same ni ba.

Ranar da aka buɗe masallacin, da azahar, ina tsakar gida wajen tagar da ke kallon cikinsa. Ban yi niyyar leƙawa ba, amma na leƙa. An shimfiɗa sababbin tabarmi a miƙe da bango, an ajiye buzun Baba a gaba. Aka tayar da iƙama. Baba ya shigo, ya tsaya a kan buzun, sai ya sa ƙafa ya juya shi hagu. Baffa, da ke bayansa, ya sunkuya ya mayar da shi daidai. Baba ya sake sa ƙafa ya juya shi, wannan karon ya taka shi da ƙafa biyu.

Ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, “A daidaita sahu.”

Aka yi ta jan tabarmi ana gyara tsayuwa, kafaɗa na bugun kafaɗa. Baffa ne na ƙarshe da ya juya, amma ya juya, don ba a bin liman ana kallon wani wuri. Ni kuwa na zauna a ƙasan tagar na yi kuka, ban damu da wanda ya gan ni ba.

Har yau haka masallacin yake. Bango na kallon wuri ɗaya, mutane na kallon wani. Sahu ya zama a karkace, kusurwa ɗaya ta zama wurin ajiye butoci. Baffa bai daina tsokanata ba, amma bai sake cewa a zuba a tukunya ba.

Bara wani baƙo daga Katsina ya yi salla a nan. Da aka idar ina jin sa ta taga yana tambaya, cikin raha, wane ne ya yi wannan gini haka bai san gabas ba. Baba, wanda yanzu sai an riƙe shi yake tashi, ya ce, “Ni ne. Ginin nawa ne.” Sannan ya ɗaga murya yadda za ta kai tsakar gida. “Gabas kuwa, ’yata ce ta nuna min. Malamar labarin ƙasa ce.”