Ranar da dron ɗina ya faɗa gidan Alhaji



Wata uku ina haɗa ɗan jirgin nan mara matuƙi, dron, da murfin kwanon roba da ƙananan injinan da na samo a unguwar Agbalépédo. Ɗan koyo ne ni. Yau na tashe shi a saman bene, telekoman, wato rimot ɗin da nake sarrafa shi da shi, ta ƙi jin magana, iska ta kwashe shi sai tsakar gidan Alhaji maƙwabcinmu, inda mata ke wanki.

Duk unguwarmu ta Zongo an san dron da ɗaukar hoto a wurin biki. Na ce shi ke nan, na jawo wa babana abin kunya.

Na yi sallama, Alhaji ya fito riƙe da shi, fuska a murtuke.

"Kai ne mai leƙen iyalina? Ina kamarar?"

"Baba, a yi haƙuri, ba shi da kamara. Wannan ƙwan tocila ne."

Ya jujjuya shi, sannan ya miƙo mini.

"To in ba ya ɗaukar hoto, amfaninsa me?"

Alhamdulillahi na tsira. Amma jama'a ku taya ni, me zan ce masa? Sahu ɗaya muke salla.